Ƙwayar sabulu ko gari da gishiri, wanne ya fi wa injin wanke-wanke?

Wa alaikumus salam Hajiya, tun jiya da dare na ga tambayarki sai yanzu na samu zama. Kin ce kofunan gilashi suna fitowa daga injin wanke-wankenki da fari-fari kamar an barbaɗa musu alli, robobin da aka ci miyar manja a ciki kuma da sauran maiƙo, ruwan gidanku na bohol ne daga tanki, shine kike so ki san ko ki ci gaba da ƙwayar sabulun nan mai komai a ciki ko ki koma garin sabulu da gishirin inji da ruwan sheƙi kowanne daban. Ni dai duka biyun na yi aiki da su, da ƙwaya na fara kusan shekara biyu kafin na koma gari, kuma ruwanmu irin naku ne.

Kafin ki kashe ko sisi ki ɗauki kofi ɗaya cikin masu farin, ki jiƙa tsumma da ruwan khal ki goga. In ya fita tas gilashin ya dawo garau, toh ma'adinin ruwa ne, kalsiyam da maganiziyam, irin farin nan da ke kamawa a gindin butar dafa shayi. In da ruwa zalla ma ya fita kuma kin ɗan lasa kin ji gishiri, murfin wurin gishirin ne bai rufu da kyau ba. In kuwa ko khal bai fitar ba to gilashin ne kansa ya ci, sabulu ya yi yawa da zafi, wannan ba ya gyaruwa sai dai a kiyaye sauran. Da ruwan bohol na fi zaton na farkon ne.

Ƙwaya gaskiya ba wadda ta kai ta sauƙi, ki jefa ɗaya ki rufe shikenan, ko yarinyar gida kika bar wa ba za ta yi kuskuren awo ba. A cikinta akwai sabulu da ɗan abin sheƙi da abin da ke tausasa ruwa. Amma su kansu masu ƙera injinan sun rubuta a littafin cewa wannan tausasawar tana aiki ne zuwa digiri 21 na ma'aunin taurin ruwa da ake rubutawa dH, in ruwa ya wuce nan dole sai an zuba gishiri ko da ƙwaya ake amfani. Mutane da yawa nan suke faɗawa, sun ga an rubuta komai a ciki sai su bar wurin gishiri wayam wata da watanni. Sannan ita ƙwaya a hankali take narkewa, an yi ta ne don dogon wanki, in kika danna na sauri mai minti 30 sai ki buɗe ki tarar da rabinta kwance a ƙasa ta yi laɓo-laɓo. Haka in aka ɗauke wuta tsakiyar aiki ruwan ya huce. Kuma ko faranti shida ne kawai a ciki ƙwaya guda za ki sa, ba ragi. Da damina kuma in ba ki rufe kwalin ba ledar jikinta, wadda ita ma narkewa take yi a ruwa, sai ta manne da 'yan uwanta.

Shi gari ke kike awo, kwanuka kaɗan ki sa kaɗan, ranar suna ko baƙi ki cika, yana narkewa nan da nan don haka gajeren wanki ma yana yi masa. Matsalarsa shi kaɗai ba ya isa, sai da gishiri da ruwan sheƙi, kuma ba kowane kanti ake samun su ba, ni in na gani biyu-biyu nake ɗauka. Shi ma yana dunƙulewa in ya sha danshi, ki juye a roba mai murfi.

Bari in ɗan tsaya a kan gishirin don shi ne asalin maganin farin nan naki. Ba ya taɓa kwanuka sam. A ƙarƙashin injin akwai wani ɗan akwati cike da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, ruwa na bi ta cikinsu suna kama kalsiyam ɗin, in sun ƙoshi ba sa ƙara kamawa sai ruwan gishiri ya wanke su sun dawo sabbi. Kin ga in babu gishiri akwatin nan yana nan ne kawai ba ya komai. Ki ciro kwandon ƙasa za ki ga babban murfi mai murɗawa, in karon farko ne ki fara zuba ruwa kamar lita ɗaya sannan gishirin wajen kilo guda, ruwa zai ɗan malalo ba komai, ki goge bakin ki murɗa murfin ya kama sosai, sannan ki kunna wanki nan take saboda gishirin da ya zube in ya kwana yana sa tsatsa a ƙasan injin. Don Allah kar ki sa gishirin miya, yana da laushi kuma an haɗa masa aidin da abin hana dunƙulewa, yana toshe wurin, na injin manya-manya ne kamar tsakuwa. Kuma ko da wasa kar sabulu ya shiga ramin nan, akwatin gaba ɗaya yake kashewa. Bayan nan sai ki saita taurin ruwan a jikin injin, in injin kamfanin Bosch ne lambobin saitin daga H00 zuwa H07 suke, akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa ta nuna miki lambar da ta dace, wasu injinan da ita suke zuwa a cikin kwali.

Ruwan sheƙi kuma aikinsa ya sa ruwa ya zame daga jikin gilashi kar ya bushe ɗigo-ɗigo. In kin ga shuɗi-shuɗi a kofi ya yi yawa ki rage lamba ɗaya.

Toh maganar maiƙo fa, nan ba ƙwaya ba gari, ko wanne kika saya in filta ta toshe da ruwan datti injin zai ta watsa wa kwanukan. Ki murɗo filtar da ke ƙasa tsakiya ki duba a haske. Ranar da na fara ciro tawa wallahi ragar ba a ganin ramukanta, yauƙin kuɓewa da manja sun yi mata fata, ga 'ya'yan attaruhu ga ƙashin kifi har da tsinken sakace guda biyu. Ruwan zafi da tsohon burushin haƙori suka fitar, yanzu duk sati nake yi. Sai hannayen nan masu juyawa suna feshin ruwa, ki cire su ki bi ramukan da tsinke, ƙwayar shinkafa ɗaya tana iya toshe rami, kuma kafin ki rufe ƙofa ki juya su da hannu ki ga babu tire ko mariƙin tukunya da ya tare. Ranar manja ko man shanu kar ki danna wankin Eco, digiri 50 yake, ki sa mai 70. Jan da manja ke bari a farar roba kuwa rini ne ba datti ba, ki shanya a rana zai dushe. Ƙanzon tuwo ki jiƙa ki kankare da hannu, tukunyar almuniyam da muciya da ƙwarya kar su shiga, almuniyam baƙi take yi itace kuma tsagewa.

Wani abu da ya shafe mu masu tanki, injin yana son ƙarfin ruwa aƙalla rabin bar a ma'aunin ƙarfin ruwa, wato tankin ya ɗara injin tsawo da kamar mita 5, in kicin ɗinki a sama yake dab da tanki ruwan ba zai ishe shi ba sai an sa ƙaramin famfo mai tura ruwa. A bakin tiyon shigar ruwa akwai 'yar raga da ke tare yashi, da ruwan bohol saurin cika take yi, ki rufe famfo ki kwance ki wanke. A Bosch in injin ya nuna lambar matsala, E18 na nufin ruwa ba ya shiga sosai, E22 filta ce, E24 ruwa ya ƙi fita galibi tiyo ne ya lanƙwashe, E15 kuma ruwa ya taru a ƙasan injin, wannan in ya maimaita ki kira mai gyara. Na'urar dumama ruwansa tana jan sama da wat 2000, ƙaramin janareta ko wuta mara ƙarfi ba za su dumama ruwan yadda ya kamata ba, maiƙo kuma ba ya fita a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Sabulun wanke-wanke na hannu irin Morning Fresh ko garin wankin kaya kar ki gwada ko sabulu ya ƙare miki, kumfa zai cika injin ya biyo ƙofa har tsakar kicin.

In ni ce ke Hajiya gari da gishiri da ruwan sheƙi zan koma, tunda ruwan bohol ne kuma wuta ba ta da tabbas. Ƙwayar da ta rage miki kar ki zubar, ki ƙarasa ta a dogon wanki amma ki cika gishirin tun yau. Ki wanke filta da hannayen feshi, ki kunna injin ba komai a ciki a digiri 70 da maganin wanke inji sau ɗaya, sannan bayan wanki uku ki turo mana hoton kofin mu gani.