Hattara da masu tikitin jabu a ƙofar tashar mota a Yamai

Jaka 45 na sefa, wato sefa dubu 45, wani marar tsoron Allah ya karɓe mini a Yamai, a gaban matata da mahaifiyarta. Jaka 45! Har yanzu in na tuna jikina rawa yake yi.

Daga Sakkwato muka zo yawon buɗe ido. Mun shiga gidan tarihi na Boubou Hama, mun tsaya kan gadar Kennedy mun kalli kogi, sai Hajiya, surukar tawa, ta ce ita fa ba za ta koma gida ba ta ga Tahoua ba, ƙasar kakanninta Adarawa. Da yamma muka nufi tashar wani kamfanin manyan motoci don mu yanki tikitin asuba.

Ko gama sauka daga taksi ba mu yi ba mutumin ya iso. Riga mai tambarin kamfani, kati rataye a wuya, littafin tikiti a hannu. Har ƙasa ya durƙusa wa Hajiya: "Inna, sannunku da hanya, kawo jakar." Da ya ji harshenmu sai ya ce ai uwarsa 'yar Illela ce. Sannan a kan idona ya miƙa wa mai gadin ƙofa hannu, suka gaisa har da dariya. Ku gaya mini, wa zai ga wannan ya yi zargi? Ni ɗan kasuwa ne, na san ɗan kamasho, na san ɗan damfara, ba a rufe ni a ciniki. Amma ya ba mai gadi hannu, jama'a. Da idona na gani.

Ƙarfe 4 na asuba muna kan layi da kayanmu, mai duba takardu ya bi jerin sunaye daga sama har ƙasa, babu mu. Ya juya tikitin ya ce, "Alhaji, wa ya ba ka wannan? Ba namu ba ne." Mutane suka zuba mana ido. Hajiya ta zauna kan jakarta ba ta ce uffan ba, wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Af, ban faɗi yadda ya karɓi kuɗin ba. Cewa ya yi an rufe wurin yankan tikiti, motar gobe ta cika, amma akwai kujeru uku da masu su suka fasa. Jaka 13 kowace, 39 ke nan, da jaka 6 na kaya, 45. Ya buga hatimi. Ya ma lissafa mini hanya: Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a Tsarnawa a karkata arewa, tafiyar sama da kilomita 500, mu ajiye katin shaida kusa saboda shingayen jandarma. Kuma duk gaskiya ne! Da dare ma ya turo saƙon murya ta WhatsApp wai kada mu makara, a gaida Inna. Da asuba wayar a kashe.

Ashe wurin tikitin a buɗe yake a ciki lokacin da yake tsare mu a waje. Mai gadin ya rantse bai san shi ba, wai kowa ya ba shi hannu karɓa yake yi. Motar ta tashi ta bar mu, muka sake biyan masauki, muka sake yankan tikiti. Na kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Hoton tikitin da saƙon muryar duk suna wayata, zan sa su nan da zarar an ba ni dama, ku ji muryarsa da kunnenku.

Kada ku ba kowa kuɗi a bakin ƙofa, ko wace riga ya sa. Ku shiga ciki, a karɓi katinku, a rubuta sunanku.

Tsohuwa mai ciwon ƙafa ya kira Inna, ya ɗaukar mata jaka, alhali ya san abin da ya shirya mata. Jaka 45. Ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah.