AERONET: awon ƙura da hayaƙi kyauta, amma sai an san matakin da za a sauke

Duk mai binciken gajimare da ɓurɓushin da ke yawo a sararin sama, wato ƙura, hayaƙi, gishirin teku da tokar aman wuta, sai ya bi ta shafin AERONET. Hukumar NASA ta Amurka ce ta kafa wannan tsari na tashoshin awo da ke ƙasa a sassan duniya a farkon shekarun 1990 tare da abokan aiki na Faransa, ƙarƙashin jagorancin Brent Holben. Tasirin tsarin a fili yake: alƙaluman ƙura na na'urar MODIS da ke kan taurarin ɗan'adam Terra da Aqua da awon AERONET ake gwada su kafin a amince da su. Shiga shafin da sauke bayanai kyauta ne.

Kowace tasha tana da na'urar Cimel CE318, wadda ke bin rana da kanta, tana leƙenta ta bututu mai faɗin gani digiri 1.2. Tana auna haske a tsawon zango daban-daban: nanomita 340, 380, 440, 500, 675, 870, 1020 da 1640, sai 940 don tururin ruwa. Daga nan ake fitar da AOD, adadin da ke nuna yadda ɓurɓushi ya rage hasken rana tun daga saman sararin har ƙasa. Kuskuren awon bai wuce 0.01 zuwa 0.02 ba, kuma ya fi yawa a 340 da 380. Wannan daidaito shi ne babban abin yabo, kuma daga saiti ya samo asali: manyan na'urorin da ake gwada sauran da su a kan tsaunin Mauna Loa na Hawai da Izaña na Tenerife ake saita su, inda iska ke da tsabta, sannan kowace na'urar fili ana mayar da ita a sake saita ta bayan kamar shekara guda.

Inda sababbi ke faɗawa rami shi ne zaɓen matakin bayanan da za su sauke. Mataki na 1.0 ɗanye ne, gajimare na ciki. Na 1.5 an tace gajimare, kuma yana fitowa da wuri, amma da tsohon saiti aka lissafa shi. Na 2.0 ne kaɗai aka gyara da saitin kafin kai na'ura fili da na bayan dawo da ita, shi ya sa yakan makara da watanni, wani lokaci fiye da shekara. Jiran yana da ciwo ga mai rubuta kundin digiri, sai dai duk sakamakon da za a buga ya kamata ya tsaya a kan 2.0. Dalili kuwa, matatun hasken da ke cikin na'urar suna tsufa a rana, ƙura na kwanciya a kan gilashi, gizo-gizo ma kan yi saƙa cikin bututu. Akwai alamar gane wannan: idan AOD ya riƙa hawa daidai tsakar rana yana sauka safe da yamma, kullum da fasali iri ɗaya, datti ne ko saiti ya kauce, domin kuskuren saiti ya fi fitowa lokacin da hasken ya bi gajeriyar hanya a cikin iska.

Tace gajimare kuwa ya inganta a Sigar 3 ta tsarin sarrafa bayanan AERONET. Na'urar tana awo uku a jere, tazarar daƙiƙa 30, kuma idan suka bambanta fiye da 0.01, ko kashi 1.5 cikin ɗari na AOD idan wannan ya fi girma, a 675, 870 da 1020 gaba ɗaya, sai a jefar da su a matsayin gajimare. Siririn gajimaren ƙanƙara na can sama yakan tsallake wannan siraɗi saboda shimfiɗarsa bai-ɗaya ce, don haka aka ƙara duban hasken da ke kewaye da rana. An rage matsalar, ba a kawar da ita ba. Kuma ga mai son sanin yadda ɓurɓushi ke canza gajimare, nan ne raunin tsarin yake: sai gajimare ya ba da hanya ake awo, ke nan lokutan hadari, waɗanda su ne ake nema, babu su a cikin fayil. Matsakaicin wata a yanki mai yawan gajimare na iya zama na 'yan kwanaki kaɗan kawai, a duba yawan ranakun kafin a yi masa jadawali.

Bayanan girman ƙwayoyi da yadda suke shanye haske, waɗanda ake fitarwa da lissafin Oleg Dubovik da Michael King na 2000, sharaɗinsu ya fi tsauri. Adadin shanye haske ba ya kai mataki na 2.0 sai AOD a 440 ya haura 0.4. Wuri mai tsabtar iska zai iya shekara bai samu awo mai yawa ba.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ɓata lissafi: agogon fayil na GMT ne, kuma -999 na nufin babu awo, a cire shi kafin ɗaukar matsakaici. MODIS a 550 yake ba da AOD, tashoshin kuma galibi ba sa auna 550, sai an ƙiyasta shi da ma'aunin Ångström, wanda ke nuna yadda AOD ke canzawa daga wani tsawon zango zuwa wani. Wannan ma'auni yana kuma rarrabe iri: ƙasa da 0.5 yawanci manyan ƙwayoyi ne irin ƙurar hamada, sama da 1.5 ƙanana ne irin hayaƙi. AOD ba ma'aunin iskar da mutum ke shaƙa ba ne, ƙura na iya wucewa kilomita uku a sama ta ɗaga shi alhali ƙasa garau. Kafin buga takarda kuma, ƙa'idar shafin ta nemi a tuntuɓi mai kula da tashar da aka ɗauki bayananta, sunansa na nan a saman kowane fayil.