Hasashen Ambaliya na NIHSA: Amfaninsa da Iyakarsa ga Mazauna Bakin Kogin Kaduna

A kowace shekara, kafin damina ta kankama, hukumar tarayya mai lura da koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda aka fi sani da NIHSA, takan fitar da kundin hasashen ambaliya na shekara. An fara wannan aiki ne a 2013, bayan ambaliyar 2012 da ta yi sanadin rasuwar mutum 363, ta kuma raba fiye da mutum miliyan biyu da muhallansu. Kundin kyauta ne, ana sauke shi daga intanet, kuma gidajen rediyo kan karanta kanunsa ranar da aka ƙaddamar da shi. Abin da ya kamata a auna shi ne ko wannan hidima tana biya wa mai gida a Kigo Road ko mai lambu a Rafin Guza buƙatarsa. A ganina tana biyan rabi, kuma rabin nan ba abin rainawa ba ne, muddin mutum ya san wane rabi aka ba shi.

Tsarin kundin ba shi da sarƙaƙiya. An kasa ƙasar nan gida takwas bisa yadda ruwa ke gangara, Kogin Kaduna ya faɗa cikin yanki na biyu, wato Neja ta Tsakiya. Daga nan sai a jera ƙananan hukumomi bisa girman haɗari, a kuma raba damina zango uku: Afrilu zuwa Yuni, Yuli zuwa Satumba, sai Oktoba da Nuwamba. A 2024 an sanya ƙananan hukumomi 148 na jihohi 31 cikin babban haɗari, har da Jihar Kaduna. A 2025 kuwa aka sauko zuwa matakin garuruwa da ƙauyuka, aka ambaci 1,249 a cikin ƙananan hukumomi 176. Wannan saukowa ita ce gyara mafi ma'ana da aka yi wa kundin, domin a ce wa mutum Chikun ko Igabi na cikin haɗari bai gaya masa komai ba. Kowace daga cikinsu ta haɗa tudu da fadama, da ƙauyukan da ko ƙarar kogi ba su taɓa ji ba.

Ƙarfin hasashen yana daga bayanan da aka gina shi a kansu, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Ana haɗa hasashen ruwan sama na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da tarihin awon koguna na shekaru masu yawa. Awon kogi kuwa aiki ne na haƙuri. A tashar awo akan kafa sanda mai lambobi a gaɓa ko a jikin ƙafar gada, ma'aikaci ya zo ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi, gobe ma ya dawo, ko ana tsuga ruwa ko ana zafin bazara. Wasu tashoshin yanzu na'ura ce ke aika lambar da kanta. Sai dai tsayin ruwa kaɗai ba ya nuna yawan abin da ke wucewa. Dole ne lokaci zuwa lokaci a shiga kogin a auna faɗinsa da zurfinsa da saurin gudunsa, sannan a fitar da ma'aunin da ke cewa tsayi kaza daidai yake da ruwa kaza a kowace daƙiƙa. Duk wanda ya ga yadda masu yashi ke yashe cikin Kogin Kaduna da kwalekwale, da yadda bola da laka ke cike wasu sassan, ya san cewa ƙasan kogin ba ya zama yadda yake, saboda haka ma'aunin da aka fitar shekaru goma da suka wuce yana iya yin ƙarya a yau ba tare da laifin kowa ba.

Inda tarihin awo ya yi tsawo, aikin hukumar yana fitowa fili. A Lakwaja, mahaɗar Neja da Binuwai, ruwa ya kai mita 12.84 a 2012, ya kuma kai mita 13.22 a 2022, kuma da yake ambaliyar manyan kogunan nan tafiyar kwanaki take yi daga sama, akan sami sararin yin shela tun kafin ta iso. Haka nan idan za a saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, sanarwar hukumar kan riga ruwan isa Makurɗi. A wannan fanni ta cancanci yabo.

Amma halin Kaduna daban ne, kuma kundin bai cika fayyace wannan ga mai karatu na gari ba. Koginmu ya taso ne daga tsaunukan Filato, kusa da Vom, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Neja a ƙasar Nufe, daura da Pategi. Manyan madatsunsa biyu, Shiroro mai megawat 600 da Zungeru mai megawat 700, duk suna ƙasa da garin Kaduna ne, don haka sakin ruwansu damuwar mutanen Wushishi da ƙasar Nufe ce. Lagdo kuwa tana kan Binuwai, ba ta da wata alaƙa da mu, ko da yake duk shekara sai an ji masu sayar da shayi da fasinjojin Keke suna ɗora mata laifin ruwan da ya shiga Unguwar Rimi. Abin da ke cika kogin a nan shi ne ruwan da ya sauka a Filato da Lere da Kauru da kwarin Galma, a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi a watan Agusta da Satumba. Irin wannan cikar ba ta ba da dogon wa'adi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 a Barnawa da Kabala da Nasarawa suna iya ba da shaida, kuma a wasu tsofaffin gidaje na bakin kogi har yanzu maigida kan ɗora hannu a bango ya nuna wa baƙo inda ruwa ya tsaya, sama da dokin taga.

Ga irin wannan ambaliya, hasashen da aka rubuta tun farkon shekara, wanda ya ce akwai haɗari tsakanin Yuli da Satumba, gaskiya ya faɗa, amma gaskiya ce mai faɗin wata uku. Ba zai gaya wa kowa daren da zai kwashe yara da katifu ba. Ba ya kuma iya hango ruwan da ke tasowa daga toshewar magudana a cikin unguwa, ko irin wanda ya auka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, inda ruwan dare guda ya hallaka fiye da mutum 150. Wannan iyaka ce ta kowane hasashen shekara a ko'ina, sai dai ya kamata a rubuta ta ɓaro-ɓaro a shafin farko.

Rauni na biyu na harshe ne. Kundin cike yake da Turancin masana da taswirori masu launi, waɗanda a fuskar ƙaramar waya sai an yi ta ja da yatsa kafin a gane sunan gari. NiMet ta riga ta fara fassara hasashen daminarta zuwa Hausa da wasu harsuna, kuma babu dalilin da zai hana a bi sahunta da taƙaitaccen bayani na kowace jiha, wanda mai unguwa zai iya karantawa a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Akwai ma kalaman da ke ruɗar masu ilimin kansu, kamar ambaliyar shekara ɗari, wadda wasu ke ɗauka sai bayan ƙarni take dawowa, alhali ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari ta faru, ko da bara ta faru.

Wanda zai fi cin moriyar kundin shi ne mai yanke shawara tun da rani: mai neman hayar gida ko sayen fili kusa da gaɓa, manomin da ke tunanin zuba masara a fadama, shugaban makarantar da ke bakin rafi, da jami'an KADSEMA, hukumar agajin gaggawa ta Jihar Kaduna, masu tanadin matsuguni. Ga waɗannan ina ba da shawarar a sauke shi a duba sunan gari da zangon da aka sanya shi. Daga tsakiyar Agusta kuwa, mazaunin bakin kogi ya haɗa da sauraron hasashen kwana uku na NiMet, ya sa wa wani dutse ko ƙafar gada alama yana dubawa safe da yamma, ya kuma riƙe lambar wani ɗan'uwa da ke sama da shi a kan kogin, wajen Lere ko Kauru, wanda zai kira shi idan ruwa ya kwana yana zuba a can.