Outlook, Thunderbird ko a zauna a burauza? Abin dubawa kafin ka jona imel ɗinka da kwamfuta

Duk wanda ya zo min da maganar yana so ya jona Gmail ko Yahoo ɗinsa da wata manhaja a kwamfuta, kafin mu taɓa komai sai na tambaye shi me ya dame shi da burauzar, don amsar da zai bayar ita ke nuna wacce manhaja ta dace da shi. Wani akawun uku gare shi, na kansa da na ofis da na kasuwanci, ya gaji da fita daga wannan ya shiga wancan. Wani kuma netwok ne matsalarsa, yana so ko an ɗauke sabis ya iya buɗe tsofaffin wasiƙu ya karanta, ya rubuta amsa ta zauna tana jira har netwok ya dawo ta tafi da kanta. Wani tsoro yake kar wata rana a rufe masa akawun ya rasa takardun shekara goma. To waɗannan mutum ukun ba magani ɗaya za a ba su ba.

Kafin ma a zo kan manhaja akwai zaɓin da ya fi ta muhimmanci, kuma shi ne wanda mutane suke dannawa ba su karanta ba, wato IMAP ko POP. IMAP kamar madubi yake, wasiƙun suna can a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da kamfanin imel ke ajiye su, kwamfutarka tana nuna maka abin da ke can ne, in ka karanta saƙo a laftof zai nuna an karanta a waya, in ka goge a nan ya gogu a can. POP shi tsohon tsari ne tun zamanin da mutum kwamfuta ɗaya gare shi, zuwa yake ya kwaso wasiƙun da suka shigo ya zuba maka a kwamfutar, bai san foldoji ba, abin da ka aika ma sau da yawa a kwamfutar kawai yake zama, wayarka ba za ta gani ba. Kuma a yawancin manhajoji in ka saita POP ba ka taɓa komai ba, bayan kwana 14 yake goge kwafin da ke saba.

Wannan kwana 14 ɗin ya taɓa cin wani ɗan'uwana mai harkar kayan gini. Imel ɗin kamfaninsa ne mai sunan kamfanin a ƙarshe, wanda ya saita masa ya zaɓi POP, shekara biyu ana aiki lafiya lau, ranar da laftof ɗin ta ƙi tashi aka kai ta gyara aka yi mata fomat, ya dawo ya buɗe ta burauza ya tarar da wasiƙun sati biyu kacal. Rasit, takardun oda, lissafin da ke tsakaninsa da masu kawo masa kaya, duk sun tafi, wallahi har yau in na tuna yanayin fuskarsa ranar raina ɓaci yake. Shi ya sa in dai kana duba imel a waya da kwamfuta, kuma kusan kowa haka yake yanzu, IMAP za ka ɗauka. Sai dai ka riƙe wannan, IMAP ba ma'ajiya ba ce, tunda madubi ne in wani ya shiga akawun ɗinka ya goge komai, da zarar kwamfutar ta hau netwok ita ma za ta goge nata. Mai son ajiya ta gaske sai ya riƙa kwafe muhimman wasiƙu zuwa foldar da ke cikin kwamfutar ita kanta, daga nan ya zuba a filash ko wani hadis (hard disk) na waje.

Abu na biyu da ya canza, wanda ke sa mutane su ce manhaja ta lalace alhali lafiyarta ƙalau, shi ne maganar faswod. Da can adireshi da faswod kawai za ka zuba shikenan. Google ta rufe wannan ƙofar ga akawun na ɗaiɗaikun mutane ranar 30 ga Mayu 2022, Microsoft ma ta rufe wa masu Outlook.com da Hotmail ranar 16 ga Satumba 2024. Yanzu manhajar kirki za ta buɗe maka ƙaramar taga ta Google ko Microsoft, a can za ka shiga ka amince mata, ita ba ta ma ganin faswod ɗinka, sunan tsarin OAuth2. Manhajar da ta tsufa ba ta san wannan ba, sai ta yi ta tambayarka faswod kana sakawa daidai tana ƙi. A Gmail mafitar ita ce ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka ƙirƙiri faswod na musamman mai harafi 16 da ake ba manhaja, a saitin akawun an rubuta App passwords, Yahoo ma tana da irinsa. Don haka duk manhajar da za ka zaɓa fara duba ko tana buɗe waccan tagar.

To mu zo kan Outlook, tunda shi kowa ya sani. Matsalar ita ce yanzu abu biyu ne suke amsa sunan. Akwai na asali da ke zuwa cikin Office tare da Word da Excel, na kuɗi ne, ko ka saya gaba ɗaya ko ka riƙa biyan Microsoft 365 duk wata ko duk shekara. In wurin aikinka imel ɗinsu na Microsoft ne, wato Exchange ko Microsoft 365, babu wata doguwar shawara, shi za ka ɗauka, kalanda da gayyatar mitin da littafin adireshin ma'aikata duk suna tafiya tare ba ka sha wahala ba, babu manhajar da ta kamo shi a nan. Amma da Gmail ta IMAP gaskiya ba ya burge ni, wasiƙu kawai yake jawowa, kalandar Google da lambobin mutanenka ba sa biyowa, in ka ajiye sabon suna a cikinsa yana shiga wata folda da aka rubuta This computer only, ita kuma ranar da aka cire akawun ɗin ko fayil ɗin ya lalace ta tafi kenan. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin laftof 'yan kwatano da ake saya a kasuwa Office ɗin da ke kai 2010 ne ko 2013, kuma ba na halak ba ne, an fasa shi ne aka saka. Waɗannan ba su san sabuwar hanyar shiga Gmail ba, an daina yi musu gyaran tsaro, hatta Office 2016 da 2019 ma Microsoft ta daina kula da su tun 14 ga Oktoba 2025. Ni dai ba zan ɗauki imel ɗin da banki ke turo min saƙo ta cikinsa in miƙa wa manhajar da ban san wanda ya fasa ta ba, ban san me ya cusa a ciki ba.

Na biyun shi ne sabon Outlook da ke zuwa kyauta da Windows 11, wanda ya gaji tsohuwar Mail da aka yi ritayarta ƙarshen 2024. Yana da sauƙin saitawa, ka saka adireshi ka bi taga an gama, kuma da Gmail yana kawo kalanda. Abu uku ne ya kamata ka sani. Na kyautar yana da talla da ke zama a saman wasiƙu kamar ita ma wasiƙa ce. Ginin sa kusan shafin intanet ne aka sa wa riga, don haka aikinsa in babu netwok bai kai na asali ba, ga wanda dalilinsa na barin burauza shi ne rashin netwok, ka ga bai yi nisa ba. Na ukun shi ne ya fi tsaya min, in ka jona masa Gmail ko Yahoo, ba kai tsaye yake zuwa ya ɗauko ba, sai an kwafi wasiƙunka zuwa sabar Microsoft sannan ta miƙo maka, suna faɗa a lokacin saitawa amma wa ke karantawa. Wani bai damu ba, amma lauya ko likita ko mai riƙe da sirrin mutane ya kamata ya san hannu biyu ne ke riƙe da wasiƙunsa yanzu.

Thunderbird kuwa shi nake saka wa mafi yawan mutane, kuma ba na ɓoye cewa na fi son sa. Daga gidan Mozilla ya fito, masu Firefox, tun 2004 yake, kyauta ne babu talla babu iyakar akawun, gudummawar masu amfani da shi ke riƙe da shi, yana hawa Windows da Mac da Linux. Ka rubuta suna da adireshi, shi da kansa zai nemo saitin Gmail ko Yahoo ko Outlook.com, ya buɗe maka tagar shiga, har ya tambaye ka ko ya jawo kalanda da lambobin mutane. Kai tsaye yake magana da sabar imel ɗinka babu ɗan tsakiya. Abin da ya fi min komai shi ne duk kayanka suna cikin folda ɗaya da suke kira Profile, ka kwafe ta a filash ka kai sabuwar kwamfuta, wasiƙu da saiti da komai su dawo yadda ka bar su. Aibinsa, fuskarsa ba ta kai ta Outlook kyau ba duk da gyaran da suka yi a fitowa ta 115 a 2023, maɓallan saiti sun yi yawa har sabon shiga ya rikice, kuma in akwatin ya cika maƙil kan tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin RAM yana nauyi. Masu Windows 7 kuma 115 ɗin nan ita ce ta ƙarshe da za ta hau musu.

Mai Mac ba sai ya wahala ba, Mail ɗin Apple na nan a ciki, yana karɓar Gmail da Yahoo da Exchange, ya isa. Akwai eM Client na wani kamfani a ƙasar Czech, kamanninsa kamar Outlook kuma ya fi shi jituwa da kalandar Google, na kyautar akawun biyu ne kuma ba don kasuwanci ba, in ka wuce haka sai ka biya da kuɗin waje, ga wahalar katin da zai yi aiki. Mailbird ma haka, kyau gare shi amma na kyautar a takure yake. Ban ga abin da za su ba ɗan kasuwa ko malamin makaranta a nan wanda zai sa ya nemi dala ba.

Ka kuma duba ko kamfanin imel ɗin naka ma ya yarda a jona. Gmail tun Janairun 2025 IMAP ɗinsa a kunne yake kullum, ba sai ka je ka kunna ba. Proton Mail sai kana biya sannan ka saka wata 'yar manhajarsu mai suna Bridge. Imel na ofis ko na jami'a wani lokacin masu kula da shi sun toshe IMAP da gangan, kar ka kwana kana fama, tambaye su.

Yanzu maganar data, wadda ita ce turawan da ke kwatanta waɗannan manhajoji ba sa kawowa don su ba damuwarsu ba ce. Gmail na ba da 15GB kyauta, akwai mutane da yawa da sun cinye rabi ko fiye, to ranar farko da ka jona, manhajar za ta fara sauke komai tun daga wasiƙar farko har hotunan biki da aka turo maka shekara takwas da suka wuce, kai kuma ka kunna hotspot na waya, ga kuɗin data da ya tashi tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, kafin ka ankara an turo maka saƙon datarka ta ƙare. Duka manyan biyun suna da maganin wannan amma sai ka je da kanka. A Outlook na asali akwai wani ɗan abin ja lokacin saitawa da ke tambayar wasiƙun wata nawa za a ajiye a kwamfuta, ja shi zuwa wata ɗaya ko uku. A Thunderbird ka shiga saitin akawun, wajen Synchronization & Storage, ka ce na kwana 30 na baya kawai, ka kuma sa kar ya sauke saƙon da ya wuce girman da ka yanka sai ka buɗe shi da kanka, nan ya fi Outlook ba ka iko. Sannan Gmail ba foldoji gare shi na gaske ba, lakabi ne yake liƙa wa saƙo, manhaja kuma tana ganin kowane lakabi kamar folda, ga wata babba mai suna All Mail da ta ƙunshi komai, sai ka ga saƙo ɗaya ya fito wuri biyu ko uku. Ka shiga saitin Gmail ta burauza wajen Labels ka cire alamar nunawa a IMAP daga waɗanda ba ka buƙata tun kafin ka jona. In da hali ma ranar farkon ka yi ta inda akwai wifi, ko da daddare lokacin garaɓasar data.

Wanda kuma akawun ɗaya gare shi na Gmail, damuwarsa kawai ya karanta in babu netwok, wataƙila ma ba ya buƙatar ko ɗaya cikin waɗannan. Gmail a cikin Chrome yana da saitin Offline, ka kunna ka zaɓi kwana 7 ko 30 ko 90, zai ajiye su a kwamfutar ka karanta ka rubuta amsa. Kar dai ka kunna shi a kwamfutar kafe ko ta ofis da kowa ke hawa, wannan gargaɗin ya shafi manhajojin ma, duk wanda ya buɗe kwamfutar ya buɗe wasiƙunka, don haka sa wa Windows ɗin kanta faswod.

In manhajar ta kasa gano saiti da kanta, wanda ya fi faruwa da imel na kamfani, lambobin da ake sakawa a gurbin Port ba su da yawa. Mai shigowa ta IMAP 993 ne da SSL a gurbin tsaro, POP 995, mai fita wato SMTP 465 da SSL ko 587 da STARTTLS. Na Gmail imap.gmail.com da smtp.gmail.com, na Yahoo imap.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com, na kamfani kuma wanda ya yi muku shafin shi zai ba ka sunan sabar. Wajen sunan mai shiga ka rubuta adireshin gaba ɗaya har da abin da ke bayan @, rabin matsalar da ake kawo min daga nan take. In saƙo na shigowa amma ba ya fita, SMTP ne, duba lambar ka tabbatar an ce shi ma ya yi amfani da faswod. Da ka gama ka tura wa kanka saƙo ɗaya daga kwamfutar, ka ɗauki waya ka buɗe foldar waɗanda aka aika, in ka gan shi a can alama ce mai kyau, sai dai Gmail yana ajiye abin da ka aika a can ko da POP ne, in babu shi koma ka duba, wataƙila POP aka saita maka.