Zinaren Ingila da hatiminsa: saƙo ga Yaya

Yaya, gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Kin ce in duba miki kayan gwal na nan, in faɗa miki ko sun fi waɗanda ake kawowa daga Dubai. To, ga abin da na gano.

A nan Birmingham akwai unguwa guda ta maƙeran zinare da azurfa, Jewellery Quarter, wadda ta haura shekara 200 ana wannan sana'a a cikinta. In don nauyi da jan launi kike nema, Dubai ta fi. Yawancin abin da ke shagunan Ingila karat 9 ne ko 18, mai karat 22 sai a shagunan mutanen Indiya da Pakistan. Kuma a can gwal ake aunawa a ɗora ɗan ladan ƙira, a nan kuwa ladan aikin hannu yakan fi gwal ɗin kansa tsada. Wanda ya sayi zobe a nan don ya ajiye dukiya bai yi dabara ba.

Abin da suka fi mu da shi, ba sai kin dogara da rantsuwar mai shago ba. Dokar 1973 ta hana a sayar da abu da sunan zinare in ya wuce giram 1, sai an kai shi ofishin gwaji an buga masa hatimi. A cikin zoben za ki ga alama uku: ta wanda ya kai shi gwaji, ta tsabtar gwal ɗin, da ta ofishin. 375 na nufin karat 9, 750 karat 18, 916 karat 22. Ofishin Birmingham tun 1773 yake aiki, alamarsa ƙugiyar jirgin ruwa. Na Landan kan damisa ne. Maƙeri ba ya shaidar kansa, wani ne daban ke gwada aikinsa, kuma wannan ya kwanta mini a rai ƙwarai.

Duwatsun ma haka. Ƙananan maƙera masu aikin hannu za su zaunar da ke su faɗa miki asalin dutse: shuɗin yaƙutu daga Sirilanka, ja daga Mozambik, zumurrudu daga Zambiya ko Kolombiya. Za su gaya miki in an gasa yaƙutun a wuta don launinsa ya fito, ko an shayar da zumurrudun mai don ya ɓoye tsagarsa. Duka biyun tsohuwar al'adar sana'ar ce, laifin kawai a ɓoye wa mai saye. A ma'aunin tauri daimon 10 ne, yaƙutu 9, zumurrudu bai wuce 8 ba kuma yana da saurin fashewa, don haka bai dace da hannun da ke aiki kullum ba. Sai ki ga an zana zoben, an sassaƙa siffarsa da kaki ko an buge shi da guduma, an lanƙwasa ƙananan farata sun riƙe dutsen. Makonni ake jira.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne maganar asalin gwal. Maƙera da yawa suna alfahari da cewa nasu tsohon gwal ne aka narka aka sake tacewa, ba a haƙa sabon rami ba. Madalla. Amma ai gwal dama ba a zubar da shi, tun kaka da kakanni narka shi ake yi, kuma hakan bai canza komai ba a rayuwar mai haƙa. Ƙananan masu haƙar zinare a Afirka da Kudancin Amurka da zaiba suke raba shi da ƙasa, su ƙona ta su shaƙi hayaƙin. Wannan aikin ne ya fi kowanne sakin zaiba cikin iska a duniya, shi ya sa Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta ambace shi. Ni na fi ganin girman gwal mai tambarin Fairtrade, wanda aka fara sayarwa a nan a 2011. Ana saye daga ƙungiyoyin ƙananan masu haƙa a farashi mai kyau da ƙari a kai, da sharaɗin kiyaye guba da hana yara shiga rami. Ya fi tsada, kuma ba kowane shago ke da shi ba.

Daimon ɗin da ake haɗawa a masana'anta daimon ne na gaske, ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai yana cin wutar lantarki sosai, kuma darajarsa faɗuwa take in za ki sayar.

Shawarata, kada ki sayi sabo. Wannan ɗankunnen naki da ya karye, in na zo ki ba ni. Za a narka shi a ƙera miki zobe, a ɗora ƙaramin shuɗin yaƙutu mai takardar asali, a buga hatimi. Ki aiko mini da awon yatsanki, ki kuma faɗa mini launin da kika fi so. A gaida Mama.