Katin Hoto na Waje ko Kwamfutar Tebur: Wanne Ya Fi wa Mai Wasa?

Mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ke son buga manyan wasanni yana da zaɓi biyu: ko ya haɗa mata katin sarrafa hoto na waje, ko ya sayi kwamfutar tebur daban.

Ana sanya katin waje ne a cikin akwati mai nasa na'urar ba da wuta, sannan a jona shi ta kafar Thunderbolt 3 ko 4, wadda ke ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa. Daɗinsa shi ne kwamfuta ɗaya ta wadatar, domin mutum zai zare wayar da safe ya tafi aiki, da dare ya mayar. Sai dai layuka huɗu kacal na PCIe, wato hanyoyin da bayanai ke bi tsakanin katin da kwamfutar, wannan kafa take bai wa katin, alhali a kwamfutar tebur yana iya samun 16, saboda haka kati mai tsada ba ya fitar da dukkan ƙarfinsa. Asarar tana ƙaruwa idan allon kwamfutar ake kallo, tunda hoton sai ya sake bi ta wayar; gara a jona wani allo a bayan katin kai tsaye. Kwamfutocin Apple masu ƙwaƙwalwar sarrafawa ta M1, waɗanda suka fito a 2020, da na bayansu, ba sa karɓar irin wannan kati sam.

Ita kuwa ta tebur ba ta motsawa, amma tana shan iska sosai, zafi bai cika rage mata gudu ba, kuma kuɗin akwatin katin waje kaɗai kan isa sayen wasu sassanta. A ganina ita ce ta fi wa mai wasa riba, sai fa idan kwamfutarsa ta hannu mai ƙarfi ce kuma wuri ya yi masa kaɗan.