Rinin daɓen siminti: wanne za ka saya, wanne daɓenka zai karɓa?

Wanda ba ya son tayil, kuma ya gaji da sauya ledar ɗaki duk bayan shekara biyu, yana iya barin daɓen simintinsa a fili ya ba shi launi. Sai dai mutane da yawa suna fara zaɓen launi kafin su duba daɓen, alhali daɓen ne zai faɗa maka abin da za ka saya. Gwaji uku ne, kuma ba su cin kuɗi.

Yayyafa ruwa a wurare huɗu ko biyar. Idan siminti ya yi duhu ya shanye ruwan cikin minti ɗaya, ƙofofinsa a buɗe suke. Idan ruwan ya dunƙule ya zauna a sama, akwai mai, ko gam, ko tsohon fenti, ko kuma birkila ya goge fuskar da cokalin gini har ta toshe. Bayan nan ka yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, ka manne gefunanta da salatif, ka bar ta awa 24. Idan ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, danshi na tasowa daga ƙasa, kuma yawanci dalilin shi ne ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankare ba lokacin zubawa. Gwajin ya fi faɗin gaskiya da damina. Na ukun, karci daɓen da ƙusa. Idan yana fitar da gari, yashi ya fi ƙarfin siminti, kuma babu rinin da zai zauna a kai. Sabon daɓe kuwa sai ya cika kwana 28.

Rinin asid shi ne wanda ake gani a hotuna mai zane kamar dutse. Asid ne mai rauni haɗe da gishirin ƙarfe ko na tagulla. Ba fenti ba ne: yana shiga ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da ke cikin siminti, launin ya zama na simintin kansa, shi ya sa ba ya ɓarewa. Launukansa kaɗan ne, ruwan ƙasa, ja-ja, ruwan goro, sai kore mai shuɗi-shuɗi. Wannan koren na tagulla ne, yana baƙi idan danshi ya same shi, don haka kada ka kai shi banɗaki. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 5 zuwa 7. Ana fesa shi da famfon feshi irin na manoma, amma na roba zalla, domin asid na cin ƙarfe. Mutum ɗaya na fesawa, ɗaya na bi da buroshi yana zagayawa. A bar shi aƙalla awa 4, ko yadda aka rubuta a jikin galan, sannan a wanke da ruwan bekin soda don kashe asid ɗin, a ɗauraye har farin tsumma ya daina ɗaukar launi. A nan ake yawan yin ganganci. Ragowar garin da aka bari shi ne ke hana sila (ruwan da ake shafawa a ƙarshe don kare launi) kamawa, bayan wata biyu sai ka ga tana tashi.

Kuskure na biyu shi ne wanke daɓe da asid kafin a rina, wai don a buɗe shi. Asid ɗin zai cinye sinadarin da rinin ke buƙata, launi ya fito dishi-dishi. Tsohon daɓe da aka shekara ana wankewa shi ma yakan ƙi karɓa sosai. Kuma ba a iya yi maka alkawarin launi: galan ɗaya zai ba da fuska biyu a ɗakuna biyu. Mai son ya ga daidai abin da ke kan katin launi, wannan ba nasa ba ne.

Nasa shi ne rini mai ruwa. Ƙwayoyin launi ne ƙanana da ke shiga ƙofofin siminti su maƙale, babu wani haɗuwar sinadarai, babu wari mai tsanani, babu wankin soda. Akwai shuɗi, toka, baƙi, har fari. Ga wanda zai yi aikin da kansa a gidan da mutane ke ciki, shi muka fi ba da shawara. Rauninsa ɗaya: idan gwajin ruwa ya nuna daɓen a toshe yake, zai kwanta a sama ne kawai, takalmi ya kwashe shi.

Akwai kuma rinin da ake narkarwa da asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa. Launinsa na da ƙarfi, yana bushewa cikin mintuna, amma rana na kodar da shi a bakin ƙofa da taga, kuma tururinsa na kamawa da wuta. A bar wa masu injin gogewa.

Idan ba a riga an yi daɓen ba, garin launi ya fi duk waɗannan araha da daɗewa. Shi ne jan daɓen da ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu. Ana auna shi da nauyin siminti: kilo 1.5 zuwa 2.5 a buhu mai kilo 50, kada ya haura kilo 5, domin daga nan ƙarfin daɓen ke raguwa. A gauraya shi da siminti a bushe har launin ya zama ɗaya kafin yashi da ruwa, siminti ɗaya yashi uku. Kowane kwaɓi a auna ruwansa daidai da na baya, in ba haka ba ɗaki zai fito dabbare-dabbare. Kuma a hana birkila barbaɗa busasshen siminti a kan ɗanyen daɓe don ya yi sheƙi. Wannan fatar ce ke tsattsagewa ta koma ƙura.

Fentin daɓe da ifoksi, wato fenti mai kauri da ake haɗa ruwansa iri biyu kafin a shafa, saman daɓe kawai suke rufewa, ba rini ba ne. Amfaninsu shi ne ɓoye daɓen da ya sha faci da tabo, abin da rini ba ya yi, hasali ma ƙara fito da su yake. Amma idan ledar gwajinka ta nuna danshi, ifoksi zai kumbura ya ɓare. A zafin bazara kuma haɗinsa na iya daskarewa a bokiti kafin ka gama shafawa, sai a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan.

Kowanne ka zaɓa, shiri ne ke cin yawancin lokaci da kuɗi. Gam ɗin leda da tsohon fenti sai injin gogewa mai faifan daimon. Sinadarin narkar da gam yakan tura shi cikin siminti, tabon ya fito bayan rini. Ƙurar gogewa na lalata huhu, a sa takunkumi na gaske, ko a goge da ruwa. Tabon manja ko baƙin mai a wanke shi da sabulun cire mai har ruwa ya fara shiga wurin. A rufe ƙasan bango da leda.

Kada ka sayi rini ba tare da sila ba, wato ruwan da ake shafawa a ƙarshe ya kare launin. Mai tushen ruwa ba ta sauya launi sosai, mai tushen tina (ruwan tsinka fenti) tana ƙara duhu da sheƙi, da wari. Shafi biyu marasa kauri, bayan daɓen ya bushe aƙalla awa 24. Idan an yi gaggawa, danshi zai maƙale a ƙarƙashi ta yi fari kamar hazo. Da hunturu a rufe tagogi saboda ƙura, da bazara a shafa da sassafe, domin zafi na sa ta kumfa. Kafin ka biya kuɗin galan-galan, nemi ƙaramar kwalba ka gwada rinin da silar tare a kusurwar da gado ko kabad zai rufe.